Wa ke ƙidaya wa ganye bakunansa?

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara ashirin yana lambu a wajen Ojo da ke Legas. Latas yake nomawa da alayyahu da ɗan lansir, kuma kafin gari ya gama wayewa yaransa sun yanka sun ɗaure, sai kasuwar Iyana Iba. Wata Lahadi na kai masa ziyara, na tarar da shi tsugune gaban kwando biyu na latas, ya yaye jiƙaƙƙen buhun da ya lulluɓe su da shi. Na kwando ɗaya ya yi laushi ya kwanta, na ɗayan kuwa yana nan a miƙe kamar yanzu aka yanko shi.

Ya ce, "Ɗana, kai da kake koya wa yara kimiyya, zo ka raba mini gardama. Fangalinsu na jikin juna, rijiya ɗaya, taki ɗaya, wuƙa ɗaya ta yanke su. Iri ne kawai ya bambanta. Me ya sa wannan ba ya riƙe ruwa?"

Na ce, "Kawu, kai ma ka faɗi rabin amsar, tunda ka ce iri."

Ragowar rabin ita ce mai tsawo. Kaurin ganye yana da hannu a ciki, haka ma wani siririn kaki da ke lulluɓe da fatarsa. Amma babbar hanyar da ruwa ke bi ya fice daga ganye ita ce wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Masana suna kiransu stomata, daga kalmar Girkawa mai ma'anar baki. Ni ma a aji bakunan ganye nake ce musu, kuma sunan ya dace da su, domin kowanne leɓɓa biyu gare shi, masu kumbura su buɗe, su saki su rufe. A fili ɗan mitsitsi na milimita ɗaya tsawo da faɗi, za ka iya samun gommai, a wasu tsirran ma ɗaruruwa.

Ganye girki yake yi da hasken rana da ruwa da iskar kabon, kuma iskar nan ba ta da wata mashiga sai ta bakunan. Matsalar ita ce cikin ganye a jiƙe yake. Da zarar baki ya buɗe don ya shaƙi iska, tururin ruwa ya samu ƙofa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ke jawowa daga ƙasa ta nan yake tafiya sama. Ciniki ne tsiro yake yi kullum, yana biyan kuɗin abincinsa da ruwa. Yana da hanya biyu ta sarrafa cinikin. Ta farko buɗewa da rufewa, wadda ke faruwa cikin mintuna. Ta biyu yawan bakunan da girmansu da jerinsu, kuma wannan tun ganye yana jariri a naɗe ake yanke ta. Idan ya girma ya buɗe, alƙalami ya bushe, ba ƙari ba ragi.

Duk shekara nakan nuna wa ɗalibaina abin da idonsu, kuma kayan aikin ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. A shafa man farce marar launi a bayan ganye, a bar shi ya bushe, a manna salatif a ɗago a hankali, sai hoton fatar ganyen ya biyo shi. A ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A ganyen mangwaro, ƙasan ne cike da bakuna, saman babu. A tumatir ana samu ciki da bai, amma na ƙasa sun fi yawa. A masara sun jeru sahu-sahu kamar an ja musu igiya. Bado kuwa, da yake cikinsa na kwance kan ruwa, a sama kaɗai ya ajiye nasa. Wata yarinya a ajin bara ta daɗe tana leƙe, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, ban ga biyu da suka taɓa juna ba." Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, don ba tare da ta sani ba ta faɗi dokar da ta buɗe wa masana ƙofar wannan fage gaba ɗaya.

Dokar ita ce: tsakanin baki da baki sai an samu aƙalla sel ɗaya, wato ɗaya daga cikin 'yan ɗakunan da aka gina jikin kowace halitta da su. Akwai dalili. Leɓɓan baki ba sa kumbura sai sun aro ruwa da sinadarin fotasiyam daga maƙwabtansu, kuma suna bukatar wurin da za su tura jikinsu. Idan baki biyu suka manne, sai su yi ta takura juna, buɗewar ba ta cika ba, rufewar ma haka. To wa ke tabbatar da wannan tazara a ganyen da ba shi da ido ba shi da ƙwaƙwalwa?

Amsar ta fito ne daga wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, dangin kabeji, wadda ba a ci ba a sayarwa. Masana sun so ta ne saboda cikin mako shida ko makamancin haka take tsirowa ta yi 'ya'ya, kuma a shekarar 2000 ta zama tsiro na farko da aka karance kundin gadonsa. Dabararsu mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar yi: a lalata ƙwayoyin gado, wato umarnin gina jiki da halitta ke gada daga iyaye, barkatai a dubban iri, a shuka, a bi ganye ɗaya bayan ɗaya ana neman wanda bakunansa suka karkace. Abin da ya lalace shi zai nuna aikin da ƙwayar take yi da tana lafiya. A 1995 Ming Yang da Fred Sack, a jami'ar jihar Ohio ta Amurka, suka bayyana biyu. A ɗaya bakunan sun taru cunkus, suka sa wa ƙwayar suna TOO MANY MOUTHS, wato baki ya yi yawa. A ɗayan bakuna suna fitowa biyu-biyu a manne, suka ce FOUR LIPS, leɓɓa huɗu. Tun daga nan sunayen baki da magana suka bi fagen.

Tsakanin 2006 da 2007 aka gano ginshiƙan ginin, a ɗakin binciken Dominique Bergmann da ke Stanford da na Keiko Torii da ke Seattle a lokacin, duka a Amurka. Ƙwayoyin gado uku ne 'yan gida ɗaya, masu miƙa wa juna aiki. A fatar jaririn ganye duk sel ɗin kamarsu ɗaya, har sai wata ta kunna SPEECHLESS, marar magana. Sai ta rabu gida biyu, amma rabon ba daidai ba: 'ya ƙarama da 'ya babba. Ƙaramar ita ce ke kan hanyar zama baki, kuma tana iya sake irin wannan rabuwa har sau biyu ko uku, kowane karo tana zubar da babba a gefenta, ta haka take kewaye kanta da maƙwabtan da za ta ara wa ruwa nan gaba. Daga nan MUTE, bebe, ta tsayar da ita ta ce ya isa. Sel ɗin ta zama kewayayya, ta rabu sau ɗaya tak, wannan karon daidai wa daida. Sai FAMA, wadda aka ɗauko sunanta daga gunkiyar jita-jita ta Rumawa, ta hana su ƙara rabuwa ta mai da su leɓɓa biyu da rami a tsakani.

An san haka ne ta ganin abin da ke faruwa idan an cire kowacce. Babu SPEECHLESS, ganye zai fito sumul ba baki ko ɗaya, tsiron ya tsumbure tun yana ƙarami. Babu MUTE, ƙaramar sel za ta yi ta rabuwa tana zagaye kamar dodon koɗi, ta gaji ta tsaya ba ta zama komai ba. Babu FAMA, sai a ga jerin sirarran sel kamar tsutsa, ba leɓe ba rami. Idan kuma aka tilasta wa MUTE aiki a ko'ina, kusan duk fatar ganyen sai ta koma bakuna. Haka ya faru da wata abokiyar aikinsu da aka bayyana a 2008, wadda da ta fi ƙarfin birki ganyen ya zama baki zalla, shi ya sa aka kira ta SCREAM, kururuwa.

Waɗannan masu gini ne. Masu hana gini su ne suka fi ɗaukar hankalina, don a hannunsu lissafin yake. Duk sel ɗin da ta kama hanyar zama baki tana fitar da wani ɗan guntun furotin zuwa waje. Na farkon tafiya sunansa EPF2, na gaba EPF1, kuma masu bincike a Osaka ta Jafan da Sheffield ta Ingila ne suka fito da su tsakanin 2007 da 2009. Saƙon da suke ɗauke da shi ga maƙwabta ɗaya ne: ni na riga ku, kada wanda ya bi sawuna a nan kusa. A jikin maƙwabciya akwai masu karɓar saƙo, dangin ERECTA, tare da TOO MANY MOUTHS ɗin nan ta 1995. Da saƙo ya sauka sai su miƙa shi ciki, hannu zuwa hannu, ta kan wani furotin mai suna YODA, har ya isa ga SPEECHLESS, a buga mata alama, a rushe ta. Maƙwabciya ta ci gaba da zama fata. Yanzu an gane abin da Yang da Sack suka gani a tsironsu mai cunkoson bakuna: kurma ne, ana aiko da saƙo ba mai ji.

A 2010 wani abu ya fito daga Jafan da ya ƙara wa labarin daɗi. Akwai wani guntun furotin, STOMAGEN, ɗan'uwan EPF ɗin nan, amma shi ba fata ke yinsa ba. Koren naman cikin ganye ne ke yinsa, wato ainihin masu girkin da ke jiran iska. Shi kuma ƙara bakuna yake yi. Aikin da ɗakin Torii ya wallafa a 2015 ya nuna yadda abin yake: STOMAGEN da EPF2 kujera ɗaya suke rububi a jikin ERECTA, kamar fasinja biyu a ƙofar danfo da safe a Oshodi. Idan EPF2 ya zauna, saƙon hani ya wuce ciki. Idan STOMAGEN ya riga shi, ya toshe wurin, ba abin da zai wuce, sai sabon baki ya samu damar fitowa. Ashe yawan bakunan da ke bayan ganyen latas ɗin Kawu ba lamba ba ce da aka rubuta aka ajiye a cikin iri. Sakamakon ja-in-ja ne tsakanin ciki mai cewa a ƙaro iska da fata mai cewa a yi hattara da ruwa. Abin da iri ya gada shi ne ƙarfin muryar kowane ɓangare.

Shi ya sa muhalli ke iya sa baki a maganar. A 1987 Ian Woodward ya ɗauko busassun ganyayen da aka adana a Cambridge tun shekaru 200 da suka wuce, na itatuwa nau'i takwas, ya ƙirga bakunansu ya kwatanta da na zamaninsa. Ya tarar sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. A tsawon lokacin nan iskar kabon a sararin sama ta tashi daga kusan 280 zuwa 340 cikin miliyan, saboda gawayi da man da ake ƙonawa. Iska ta yi araha, itatuwa sun rage ƙofofi. Yau adadin ya haura 420. Daga baya aka gano cewa tsofaffin ganye ne ke auna iska da haske su aika wa jariran da ke naɗe labari, kuma yawan kabon yana ƙara ƙarfin EPF2. Haske mai yawa yana ƙara bakuna, inuwa tana rage su, zafi mai tsanani yana danne SPEECHLESS. Hanyoyi daban-daban ne, amma yawancinsu a ƙofar SPEECHLESS suke haɗuwa.

Akwai wani gefe da ya shafe mu mazauna Legas kai tsaye. Masu noman furen wardi a Turai sun daɗe da lura cewa furen da ya girma cikin iska mai yawan laima, idan an yanke shi, ya fi saurin yaushi. Bakunansa sukan fi girma, kuma ba su iya rufewa da kyau ba, don tun suna ƙanana ba su taɓa sanin ƙishi ba. Wasu irin sun fi wasu wannan rauni. Duk wanda ya san damshin Ojo a watan Yuni zai ga inda maganar ta dosa. Ganyen da ya tashi a nan da wanda aka loda daga Kura ko Kadawa aka sauke a Mile 12, ko da iri ɗaya ne, ba tarbiyya ɗaya suka samu ba.

Abincinmu na yau da kullum, gero da dawa da masara da shinkafa, duk dangin ciyawa mai dogon ganye ne, wanda Arabidopsis ba ta cikinsa, kuma su nasu bakin ya fi na kowa zafin nama. Leɓɓansu sirara ne a tsakiya masu kai biyu kamar taɓarya, kuma kowane leɓe yana da sel mataimakiya a gefensa. A 2017 Michael Raissig da Bergmann suka nuna cewa a ciyawa furotin ɗin MUTE yana tsallakawa zuwa sel ɗin gefe ya ɗauke ta aikin mataimakiya. Ƙwayar gadon ɗaya ce da ta Arabidopsis, an ƙara mata aiki ne. Da wannan taimako bakin ciyawa ke buɗewa da rufewa da sauri, abin da ya taimaka mata ta mamaye busassun wurare irin namu na arewa.

Da zarar an san inda birki yake, dole wani ya gwada takawa. Ɗakin Julie Gray a Sheffield ya ƙara ƙarfin EPF1 a sha'ir a 2017, sannan a shinkafa da alkama a 2019. A shinkafar, nau'in IR64 da suka yi aiki a kai tare da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, mai ƙarancin baki ta sha kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan da 'yar'uwarta ta sha tsakanin mako na huɗu da na biyar bayan tsirowa, ta fi jure fari, kuma amfaninta bai faɗi ba. A alkama an ga iyakar abin: ragi matsakaici bai taɓa amfani ba, amma da aka rage fiye da rabi sai hatsin ya ragu. A 2024 masu bincike a Illinois suka bayar da rahoton irin wannan gwaji a dawa, ita ma ta rage shan ruwa.

Da na kai nan a bayanin da nake wa Kawu, ya yi shiru yana juya ganye a hannu, sannan ya ce, "To ɗana, idan ka rage masa baki, da me zai yi gumi?"

Tambayar nan ita ce ta hana ni shiga sahun masu murna da wuri. Ruwan da ke fita ta bakunan ba asara ce zalla ba. Shi ke sanyaya ganye, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa, kuma shi ke jawo taki daga ƙasa zuwa sama. A Kadawa cikin watan Afrilu, rana na dukan tumatir, ruwa kuma na nan a kwata, ganyen da ya kasa gumi dahuwa zai yi, furensa ya zube. A gonar gero ta Daura, inda ruwan sama ke iya ɗaukewa mako biyu ana tsakiyar damina, mai tattalin ruwa shi zai kai labari. A Ojo kuwa ruwa ba shi ne damuwa ba. Iskar ce a jiƙe har gumin ba ya tashi da sauri, ga cututtukan ganye da yawansu ta bakunan nan suke kutsawa, ga kuma kasuwa mai son ganyen da zai kai la'asar a miƙe. Wuri uku, bukata uku, a ƙasa ɗaya. Yawancin gwaje-gwajen da na ambata a tukwane aka yi su, a ɗakunan da ake saita zafi da laima da na'ura, kuma tukunya ba gona ba ce.

Abin da ke damuna shi ne an shekara talatin ana wannan bincike, an san sunayen ƙwayoyi da yawa da aikinsu, amma kusan duka a kan ciyawar Turai da hatsin da manyan ƙasashe suka damu da shi. Alayyahu da yakuwa da rama da tattasai da wakenmu suna bayan layi. Ba wai ba mu da inda za a yi ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ita ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi ta duniya, IITA, tana Ibadan tun 1967 da tarin irin wake dubbai a ajiye, kuma tun 2015 akwai hukumar da doka ta ɗora wa sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Na san mutanenmu da yawa suna ɗari-ɗari da irin da aka taɓa a ɗakin bincike, kuma ban ga laifin mai tambaya kafin ya ci ba. Amma a wannan fage ba lallai sai an taɓa komai ba. Bambancin yana nan tuni a cikin irin da ke hannun manoma: mai yiwuwa wani EPF ɗinsa ya fi ƙarfi, wani STOMAGEN ɗinsa. Tun 2005 masu bincike a Ostareliya suka nuna a Arabidopsis cewa bambanci a ERECTA kaɗai yana canza yawan ruwan da tsiro ke kashewa kan abincin da ya samu. Aikin da ya rage shi ne a ƙirga, a auna zafin ganye da tsakar rana, a auna amfani, a gonar da za a shuka irin, sannan a haɗa aure tsakanin waɗanda suka dace kamar yadda masu kyautata iri suka saba.

Kawu ya daɗe yana wani abu mai kama da haka. Duk shekara yakan bar 'yan tushen alayyahu su yi kai, kuma ba kowanne yake bari ba, sai daga fangalin da matan kasuwa suka ce ganyensa yana kwana bai lalace ba. Ko cikin abin da yake zaɓa har da yawan bakuna da iya rufe su, ƙirge ne kaɗai zai nuna. Mun yi da shi cewa zangon karatu mai zuwa zai riƙa aiko mini da ganye goma-goma daga kowane iri, a yanke su lokaci ɗaya daga tsayi ɗaya a jikin tsiro, a naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Ɗalibaina za su ɗauki hoton fatar da man farce su ƙirga, su kuma riƙa ɗora ganyen a sikeli duk bayan awa ɗaya don a ga wanda ya fi saurin rage nauyi. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, cewa ranar da za a fara shi ma zai zo ya leƙa madubin da kansa.